Maggie Ta Manyanta, Superman Yana Nan Jiya-I-Yau

Daminar bara waccan na ɗaga wani kwali da ya daɗe jingine da bango a ɗakin karatuna, sai gefensa ya biyo hannuna, gindin ya zauna a ƙasa. Ashe gara ce ta biyo tsagar siminti ta shiga, ta yi gininta hankali kwance, ta yi wata da watanni tana ci ban sani ba. Tsofaffin jaridu da takardun makaranta da ta cinye ban damu da su ba. Abin da ya zaunar da ni dirshan a ƙasa shi ne kundi uku na Love and Rockets, labarin zane na wasu 'yan'uwa Amurkawa, da na yi shekaru ina tarawa ɗaya bayan ɗaya, wani a wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, wani ta hannun matafiyin da na ba sautu. Biyu sun tashi daga aiki. Na ukun gara ta ci kusurwarsa ta ƙasa tun daga bango har bango, duk shafin da ka buɗe sai ka tarar gidan zane na ƙarshe babu rabinsa.

Maƙwabcina ya leƙo ya same ni ina karkaɗe ƙasa daga shafuka. Da ya ga abin da ke hannuna sai ya kwashe da dariya ya ce, "Haba Malam, a kan katun ɗin yara kake wannan jimami? Wallahi na zaci takardun fili ne." Bayan kwana biyu na ba wani abokina mazaunin Amurka labari ta waya, shi kuma ya ce ai ni na ja wa kaina, can masu wayo ba sa barin irin wannan kaya a kwali. Aika shi ake yi a duba lafiyarsa, a ba shi maki, a rufe shi ruf cikin roba mai tauri, a ajiye sai ya yi kuɗi. Ɗaya ya raina abin, ɗaya ya ɗauke shi gwal. Na daɗe ina juya maganganun nan biyu kafin in lura sun haɗu a wuri guda: cikinsu babu wanda ya kawo zancen karantawa. Ni kuwa a ganina, labarin da aka yi shekara 40 da ɗoriya ana rubutawa, wanda mutanen cikinsa ke tsufa tare da mai karatu, amfanin tara shi ɗaya ne, wato hannu ya riƙa kaiwa gare shi, ana komawa baya ana dubawa.

Ga wanda bai taɓa jin sunan ba, Love and Rockets mujallar labarin zane ce, baƙi da fari, ta 'yan gidan Hernandez: Mario, da Gilbert, da Jaime wanda ake furta sunansa Haime. A Oxnard suka tashi, wani gari na gonaki da 'yan ƙwadago a gaɓar teku a jihar Kalifoniya. Mahaifinsu ɗan Meziko ne, mahaifiyarsu 'yar Teksas. A zamanin da iyaye da yawa ke kwashe irin waɗannan mujallu su zuba a shara, ita uwar tasu tun tana yarinya take son su, don haka 'ya'yanta suka tashi gida cike da su, suna karantawa suna kwaikwayon zane. A 1981 suka buga fitowa ta farko da kuɗin aljihunsu, suka aika kwafi ga mujallar The Comics Journal, wadda ta yi suna wajen yi wa masu zane kaca-kaca. Abin ya burge editanta, Gary Groth, har ya nemi ya zama mai buga musu, kamfaninsa na Fantagraphics ya sake fitar da ita a 1982. Har yau suna tare.

Zubin farko ya kai fitowa 50, daga 1982 zuwa 1996. Suka ɗan jingine sunan, kowa ya ci gaba da nasa labaran a gefe, sannan suka dawo a 2001 da zubi na biyu mai fitowa 20 har zuwa 2007. Daga 2008 suka koma fitar da littafi mai kimanin shafi 100 kusan sau ɗaya a shekara har guda 8, a 2016 kuma suka dawo wa siffar mujalla irin ta farko. Mario ya ja baya da wuri, sai jefi-jefi. Gilbert da Jaime, haifaffun 1957 da 1959, su suka riƙe ragamar. Kowa da garinsa da mutanensa, kowa yana rubuta nasa ya zana da hannunsa, sai dai su haɗu a bango ɗaya, kamar wa da ƙane masu sassa dabam-dabam a gidan gado.

Abu biyu suka ba su damar yin labarin manya mai tsufa tare da mai karatu. Na farko kasuwa. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafi yana ɗora wa mujallun zane alhakin lalacewar yara, har wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya zauna a kan batun. Kamfanoni suka tsorata suka kafa wa kansu hukumar tacewa, duk mujallar da ba ta da tambarinta da wuya dillalai su karɓa. Haka babbar kasuwa ta yi shekaru a tsare a matsayin ta kayan yara. A shekarun 1970 sai shaguna na musamman suka yaɗu, masu sayen mujallu kai tsaye ba tare da sharaɗin mayar da kwantai ba. Ƙaramin kamfani ya samu hanyar buga 'yan dubbai ya sayar wa manya, babu ruwansa da tambarin kowa.

Na biyu, wanda ya fi girma a wurina, shi ne mallaka. Jerry Siegel da Joe Shuster, samarin da suka ƙirƙiro Superman, sun sayar da shi a 1938 a kan dala 130. Daga ranar ya zama dukiyar kamfani, kamfani kuwa ba ya barin jarinsa ya tsufa. Marubuta da masu zane suka yi ta karɓa-karɓa a kansa, wannan ya tafi wancan ya zo, shi kuwa yana nan jiya-i-yau, ba furfura ba ciwon gwiwa. Ko da aka kashe shi a ƙarshen 1992, shekara ba ta zagayo ba ya tashi. 'Yan gidan Hernandez su ke da mutanensu. Babu wani manaja da zai ce wa Jaime kada yarinyar nan ta yi ƙiba don za a buga hotonta a jikin riga.

Ƙibar kuwa ta yi. Maggie Chascarrillo ta fara bayyana ne tana budurwa mai aikin kanikanci, tana gyaran roka a wata ƙasar almara mai dodanni irin na zamanin da. Ba a jima ba Jaime ya gane abin da ke faruwa idan ta dawo gida ya fi rokar daɗin ji. Ya watsar da rokoki, ya bar mu da unguwar Hoppers, wadda ya ɗauko siffarta daga Oxnard: samari masu faɗan unguwa da unguwa, 'yan mata masu kiɗan punk mai hayaniya, kuɗin hayar da ba a biya ba, gwaggon Maggie, Vicki Glori, 'yar kokawa mai zafin rai, da aminiyarta Hopey Glass, 'yar ƙarama mai kaifin baki. A tsakiyar shekarun 1980 Maggie ta fara cika, wando ya fara tsagewa, wasu masu karatu suka yi ƙorafi. Jaime bai saurare su ba. Ta yi aure ya mutu, ta zama mai kula da wani gidan haya a kwarin San Fernando, tana fama da 'yan haya da gyare-gyare. Hopey da ba ta jin kira ba ta jin bari, sai ga ta da tabarau ta zama mataimakiyar malama a makarantar yara. A littafin da aka tattara a 2019 su biyun sun koma Hoppers taron tsofaffin 'yan punk, suka tarar gari ya zama na wasu, jiki kuma ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka da.

Dubi yadda Jaime ya kashe wani saurayi na cikin labarin, Speedy Ortiz, a 1987. Da wani ne, da ya cika shafi da jini. Jaime bai nuna lokacin da abin ya faru ba. Fuskokin mutane ya ba mu, da baƙar tawada mai yawa, da yayar yaron, Izzy, wadda jikinta ya riga ya ba ta. Sauran aikin ya bar wa mai karatu ya yi shi a cikin ɗan farin layin da ke raba gidan zane da na kusa da shi, domin a nan sirrin wannan sana'a yake. Kuma Speedy bai tashi ba. Rashinsa ya ci gaba da bin waɗanda suka san shi shekara da shekaru, yadda mutuwar saurayi ke bin tsararrakinsa a kowace unguwa ta duniya.

Gilbert kuwa ƙauye ya gina, Palomar, wani wuri a Latin Amurka da babu shi a taswira, babu waya babu talabijin. Labarin da ya buɗe shi da shi a 1983, Heartbreak Soup, har da kishin sana'a a cikinsa. Chelo, ungozomar da ta karɓi haihuwar yaran garin da dama, wadda kuma ke sana'ar yi wa mutane wanka a biya ta, ta wayi gari wata baƙuwa mai suna Luba ta kafa irin sana'arta tana janye mata kasuwa. Daga wannan ɗan rikici aka samu zuri'a guda. Chelo ta zama shugabar 'yan doka ta garin. Luba, mai yawo da guduma a hannu, ta buɗe gidan silima, ta haifi 'ya'ya 7, ta zama magajiyar gari, daga baya ta yi ƙaura zuwa Kalifoniya. Yaran da muka gani suna yawon banza a labarin farko sun girma, wani ya zama malamin makaranta, wani ya tafi kurkuku. Tonantzín mai tallan soyayyen dodon koɗi, damuwa da siyasar duniya ta shiga kanta har ta cinna wa kanta wuta. Masu sharhi sun sha kwatanta Palomar da Macondo, garin da Gabriel García Márquez ya ƙaga. Mai kallon Daɗin Kowa a tashar Arewa24 ba ya buƙatar a kai shi nesa haka, ya riga ya san daɗin garin da babu shi amma ka san wa ke gaba da wa, wa ya ci bashin wa, 'yar wa aka saka. Bambancin kawai, a nan mutum ɗaya ne da alƙalami da tawada yake ɗauke da garin duka a kansa. Yakan tsallake shekara 10 gaba ko baya tsakanin gida biyu, ya bar ka ka gane ta tabon fuska ko tsawon yaro.

Wurin da ya tabbatar mini da ra'ayina wasu shafuka biyu ne a labarin Jaime mai suna The Love Bunglers, wanda ya fito a 2010 da 2011, aka tattara shi a 2014. An buga wa Ray Dominguez, tsohon saurayin Maggie tun shekarun 1980, bulo a kai, rai a hannun Allah. Sai Jaime ya buɗe shafi biyu masu fuskantar juna, bai sa bayani ko ɗaya ba. Ɗaya Maggie ce, ɗaya Ray, gida-gida, tun suna yara har suka manyanta, kowane gida yana kallon takwaransa na ɗaya shafin. Wanda ya fara karatu daga nan zai ga zane mai kyau, ya wuce cikin daƙiƙa 10. Wanda ya biyo su tun daga baya zai gane rigar nan, ya gane askin nan, ya tuna inda shi kansa yake zaune ranar da ya fara ganinsu, da wanda yake raye a lokacin yanzu babu shi. Ni na fi rabin sa'a a kan shafukan, daga nan na tashi na jawo tsofaffin kundaye na baza a tabarma ina neman zamanin kowane gida. Ba don na baya suna kusa da hannuna ba, da shafukan sun zame mini kamar hoton bikin mutanen da ban sani ba.

To mu dawo kan shawarar abokina na Amurka, wadda ba shi ya ƙago ta ba. Tun shekarar 2000 akwai wani kamfani can, CGC, aikinsa ke nan. A aika masa mujalla, ya duba lanƙwasa da tabo da launin takarda da tsatsar ƙarfen da ya ɗinke tsakiya, ya ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe ta cikin roba. Ranar da ka fasa robar, makin ya tashi a banza. Wato darajar kayan tana rataye ne da alkawarin ba za a sake karanta shi ba. Abin yana tuna mini da jeren kwalla da tasoshi a ɗakin amaren da, an goge suna ƙyalli tun daga ƙasa har rufi, ba a taɓa zuba miya a ko ɗaya ba. Ban raina jere ba, dukiyar mace ce, ranar buƙata ana zare ɗaya a sayar. Haka ma fitowar da ta rage 'yan ƙalilan a duniya, a killace ta babu laifi. Amma ba a taɓa jin wanda ya san daɗin tuwo don ya kalli jere ba.

Ko ta wajen kuɗin ma, lissafin yakan ci mai shi. Gaskiya ne a 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya na Action Comics fitowa ta 1, inda Superman ya fara bayyana a 1938, a kan dala miliyan 6, abin da aka saya senti 10. Amma me ya kawo tsadar? Yaran 1938 sun karanta nasu har ya yage, iyaye mata sun share, lokacin yaƙin duniya na biyu kuma aka bi gida-gida ana tattara tsofaffin takardu don sake sarrafawa. Kaɗan suka tsira. A farkon shekarun 1990 mutane suka ji irin wannan labari suka yi ca, kamfanoni kuma suka biye musu. X-Men fitowa ta 1 ta 1991 an buga ta da bango iri-iri don mutum ɗaya ya sayi da yawa, aka sayar da sama da kwafi miliyan 8. Fitowar mutuwar Superman har cikin baƙar leda aka sayar da ita, mutane suka saya suka ɓoye ba su buɗe ba. Abin da kowa ya ɓoye kuwa yaushe zai yi wuya? An yi wa rogo kallon kitse. Kasuwa ta rushe, shaguna da yawa suka rufe, kamfanin Marvel kansa ya kai kansa kotu a ƙarshen 1996 saboda karayar arziki. Guguwar ta zo ta wuce, Luba da Maggie suna nan, da masu jiran jin abin da ya same su.

Tarin da nake karewa hanya biyu gare shi, kowacce da ribarta. Kundayen da Fantagraphics ya tattara, irin su Palomar na 2003 da Locas na 2004, da jerin masu bango mai laushi da suka fara fita a 2007, sun raba 'yan'uwan, na Gilbert gefe, na Jaime gefe, labari ya miƙe babu katsewa. Su suka fi sauƙin samu, su nake nuna wa sabon shiga. In Jaime yake so, ya fara da The Girl from H.O.P.P.E.R.S., ya dawo wa rokoki daga baya. Amma ainihin mujallun ɗai-ɗai, waɗanda 'yan ƙalilan nake da su, suna ɗauke da abin da kundi ya zubar. A ciki za ka bar Palomar ana tsakiyar tashin hankali, ka juya shafi ka tsinci kanka a Hoppers, ka ji kamar wa da ƙane suna 'yar gasa a ɓoye, kowa ba ya son ɗan'uwansa ya bar shi a baya. Akwai wasiƙun masu karatu, masu yabo da masu kushe, mutanen da ba su san inda labarin zai dosa ba. Akwai kuma jira, wata uku, wata huɗu, wani zubin shekara guda, kafin a ji abin da ya biyo baya. Fantagraphics ma ya san da haka, shi ya sa a 2022, cikar shekara 40, ya sake buga fitowa 50 ɗin farko yadda suke, har da wasiƙun, cikin akwati mai kundi 8.

Akwai maganar da dole in faɗa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Love and Rockets ba na yara ba ne, ba kuma kowane babba zai iya da shi ba. Akwai tsiraici, musamman a ɓangaren Gilbert, wanda wani lokacin yakan wuce gona da iri har ni mai son aikinsa in tsallake shafi. Akwai shaye-shaye da ashar. Alaƙar Maggie da Hopey ta wuce ƙawance, abin da addininmu da al'adarmu ba su yarda da shi ba. Wanda ya ce saboda haka ba zai shigar da shi gidansa ba, ba ni da ja da shi, nawa ma a ɗakin da nake kullewa suke. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a haɗa hukunci biyu masu karo da juna, a ce shirmen yara ne, sannan a ce ya fi ƙarfin yara. Rayuwar wasu bayin Allah ce, 'ya'ya da jikokin 'yan ci-rani a gefen Amurka, waɗanda fina-finan ƙasar suka daɗe suna nunawa a matsayin 'yan daba ko masu aikatau. Nasu ne suka zauna suka zana su da sunayensu da iyayensu da tsufansu. Ana karanta rayuwar mutum a fahimce shi ba tare da an bi hanyarsa ba, in ba haka ba da babu mai buɗe littafin tarihi.

Sai batun kuɗi. Da tsadar dala a yau, kundi ɗaya da kuɗin kawo shi ya isa cefanen kwanaki, ga shi kuma ana samun su a intanet a karanta a waya. Haka ne, wanda abin da ya samu ke nan ya karanta abinsa. Sai dai shafukan nan biyu na Maggie da Ray an yi su ne don a buɗe su tare, ido ya riƙa kai da kawowa, a fuskar waya kuwa sai dai ka ga ɗaya bayan ɗaya ko ka gan su ƙanana kamar kan sarki. Kuma irin wannan tari ba a yin sa rana ɗaya. Ni kundi ɗaya nake saye a shekara, wata shekarar ma babu. Sannu ba ta hana zuwa, masu rubutawar ma shekara 40 suka yi.

Maganar maƙwabcina kuwa, na san inda na taɓa jin irinta. Haka aka riƙa faɗa game da littattafan soyayya da suka cika kasuwannin Kano tun daga shekarun 1980, wai shirme ne, na 'yan mata ne, ɓata tarbiyya ne. Aka yi musu riƙon sakainar kashi, aka ƙunshe ƙosai da shafukansu, a 2007 har wuta aka cinna wa wasu a bainar jama'a. Yau ɗalibin da ke son rubuta kundin digiri a kan farkon wannan adabi sai ya yi ta bin gidajen 'yan tsirarun da suka adana, ko a ce masa ai akwai tari mai yawa a makarantar SOAS ta Landan, wanda Farfesa Graham Furniss ya haɗa. Littafi mai kashi na 1 da na 2 da na 3, sau nawa ake neman na 2 a rasa? Abin da jama'a suka fi karantawa shi ya fi saurin ɓacewa, don kowa yana ganin ai yana ko'ina. Waɗanda suka cece shi su ne waɗanda suka so shi tun ana raina shi, suka karanta suka ajiye, ba tare da tunanin wata rana zai yi kuɗi ba.

Cikin kundi biyun da gara ta gama da su na maye gurbin ɗaya, ɗayan har yanzu ina jiran matafiyi. Na sa an yi mini kanta mai ƙafafun ƙarfe nesa da bango, duk ƙarshen damina kuma ina saukewa in karkaɗe, abin da kan zame mini dalilin sake karantawa. Na ukun, mai cinyayyar kusurwa, ban nemi sabonsa ba. Da irinsa ake kai wa masu ba da maki, ko 1 ba zai samu ba. A nan gara ta tafi da ƙafar Luba da rabin gudumarta, a can ta cinye ƙarshen maganar Chelo, amma na bi ta wurin sau da yawa har kaina yana cike gurbin. Luba ta cikin labarin ta yi furfura, Gilbert da ya zana ta ya doshi shekara 70, ni ma yanzu sai na sa tabarau nake ganin ƙananan rubutun. Ban ga dalilin da zai sa takardar kaɗai ta zauna sabuwa ba.